Kimiyyar Gini da Masaukin Baƙi: Yadda Awo Yake Buɗe wa Naƙasassu Ƙofa

Idan hutun ƙarshen zango ya zo, ko kuma aka yi hawan Sallah aka sauka, iyalai da dama sukan yi shirin barin gari na 'yan kwanaki. Wasu su nufi Yankari su ga giwaye su yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, wasu su hau Jos shan iska, wasu kuwa biki ko ziyarar dangi ce za ta kai su wani birni su sauka a otal. Abin da maigida yakan lissafa shi ne kuɗin mai da kuɗin ɗaki. Amma a gidan da ake da yaron da cutar shan-inna ta kama, ko dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko uwar da idonta ya tafi, akwai wani lissafin da yake gaba da wannan. Shin idan an isa, zai iya shiga ɗakin? Zai iya kewayawa ba sai an ɗauke shi cak ba? Sau da yawa amsar waɗannan tambayoyi ita ke yanke hukunci: ko a tafi da shi a sha wahala, ko a bar shi gida da wani mai kula da shi, ko kuma kowa ya haƙura da tafiyar baki ɗaya.

Masu wannan lissafi ba 'yan kaɗan ba ne. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne suke rayuwa da naƙasa mai tsanani, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, ko kuma mutum ɗaya cikin kowane shida. Mafi yawansu kuwa suna da iyaye da 'yan'uwa da 'ya'ya, waɗanda matakala uku a bakin masauki suke iya hana su tafiya su ma. A nan Arewa, duk da an tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu sun girma sun yi iyali.

An saba ɗaukar sha'anin naƙasassu a matsayin sha'anin tausayi. A fannin masauki dai, abin da yake raba ɗakin da gurgu zai iya kwana a ciki da wanda ba zai iya ba, santimita ne 'yan ƙalilan, kuma masana sun daɗe da auna su.

Gangare da lissafinsa

Bari mu fara daga bakin ƙofa. Maginanmu sukan ɗaga daɓen gini sama da ƙasa saboda ruwan damina, abin da yake daidai. Ke nan kusan kowane masauki yana da matakala biyu ko uku a mashigarsa. Mai keken guragu ba ya hawa matakala, don haka sai a yi masa gangare na siminti. Tambayar ita ce, wane irin gangare?

Wanda ya fara neman amsar wannan ta hanyar gwaji shi ne Timothy Nugent na Jami'ar Ilinois a Amurka. A shekarar 1948 ya kafa wani shiri na karatu domin tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu da suka dawo gida a kan keke. Ya riƙa gwada gangare mai tsayi daban-daban tare da ɗalibansa, yana lura da wanda suke iya hawa da ƙarfin hannunsu. Binciken nasa ya zama ginshiƙin ƙa'idar gini ta farko irinta, wadda aka buga a Amurka a 1961. Awon da ya shahara daga nan shi ne ɗaya bisa goma sha biyu. Ma'ana, duk santimita ɗaya da za a hau, sai an shimfiɗa santimita goma sha biyu na gangare.

Ɗalibin kimiyyar lissafi da motsi zai gane dalili nan da nan. A kan gangare mai sauƙi, ƙarfin da ake buƙata don tura kaya sama kusan daidai yake da nauyin kayan idan an raba shi da wannan adadi. Alal misali, mutum mai nauyin kilo 70 a kan keke mai kilo 15, jimla kilo 85 ke nan. A gangaren ɗaya bisa goma sha biyu, tamkar yana tura nauyin kilo 7 ne, ban da gogayyar taya da ƙasa. Idan kuwa magini ya taƙaita gangaren ya mai da shi ɗaya bisa huɗu, kamar yadda ake yawan gani a bakin shaguna da bankuna, nauyin ya koma kusan kilo 21. Ga shi kuma a irin wannan tsayi keken yana neman kifewa ta baya wajen hawa, wajen sauka kuma ya kuɓuce wa mai riƙe da shi. Irin wannan gangaren ya fi dacewa da baro ko babur.

To, mai karatu ya lissafa da kansa. Matakala uku, kowace santimita 15, tsayinsu santimita 45 ke nan. Gangaren da zai maye gurbinsu sai ya kai mita 5.4. Wannan shi ya sa wanda bai tanadi wuri tun a takardar zane ba yake rasa inda zai sa shi daga baya, sai ya yi ɗan guntu don fita kunya. Ƙa'idar Amurka ta ƙara da cewa kada gangare ya hau fiye da santimita 76 a jere ba tare da an yi wani fili shimfiɗaɗɗe na hutawa ba, mai tsawon mita ɗaya da rabi. Irin wannan fili wajibi ne a bakin ƙofa ma, domin wanda yake kan gangara ba zai iya sakin taya ya kama hannun ƙofa ba.

Ƙofa, gado da banɗaki

Faɗin keken guragu na zaune yakan kama daga santimita 60 zuwa 70, ga kuma hannuwan mai shi da suke tura tayoyin ta gefe. Saboda haka ƙa'ida ta nemi kada sararin ƙofa, idan an buɗe ta, ya gaza santimita 81. A lura, sararin da ya rage bayan an buɗe ƙyaure ake aunawa, domin kaurin ƙyauren yakan cinye wani abu. Dokin ƙofa kuma kada ya wuce milimita 13. Hannun ƙofa mai dannawa ya fi mai murɗawa, tunda ana iya buɗe shi da gwiwar hannu. A cikin ɗaki, keke yana buƙatar fili mai faɗin mita ɗaya da rabi kafin ya iya juyawa ya fuskanci inda ya fito.

Ƙofar ɗakin kwana ba kasafai take ba da matsala ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙofar banɗaki, wadda maginanmu suka saba tsukewa don a rage kuɗi, ga kuma ɗan tudun da ake yi a bakinta don kada ruwa ya malalo cikin ɗaki. Mutum ya yi tafiyar awa biyar, ya hau gangare lafiya, ya shiga ɗaki lafiya, sai ya tarar da keken nasa ya tsaya cik a ƙofar makewayi. Daga nan sai dai matarsa ko ɗansa su ɗauke shi, safe da rana da tsakar dare. Duk wanda ya san kunyar Bahaushe ya san nauyin wannan a zuciyar dattijo. Akwai kuma nauyin da yake kan gadon bayan mai ɗaukar, domin ciwon baya yana cikin abubuwan da suka fi damun masu jinya, kuma ɗaga babban mutum a wuri mai tsuku da santsi yana daga cikin hanyoyin da aka fi samunsa.

A cikin banɗakin, abin da ake nema shi ne mutum ya iya gusawa daga keke zuwa kan masai ba tare da ya hau ko ya gangara sosai ba. Shi ya sa aka tsayar da tsayin masai na zaune tsakanin santimita 43 zuwa 48, daidai da mazaunin keke, tare da barin fili a gefensa inda keken zai tsaya. Ana kafa ƙarfen dafawa a bango, a tsayin santimita 84 zuwa 91, kuma dole ya iya ɗaukar nauyin kilo 113. Wannan adadi yana da muhimmanci, saboda ƙarfen rataye tawul da aka ɗaure da ƙananan kusoshi kama yake da na dafawa a ido, sai ranar da aka dogara da shi. Wurin wanka kuwa, mafi kyau shi ne daɓen ya zama bai ɗaya da na banɗakin, a karkata shi kaɗan wajen magudana, a sa kujerar zama da shawa mai tiyo wadda ake riƙewa a hannu. Bahon wanka na kwanciya, wanda manyan otal suke alfahari da shi, tarko ne ga wanda ƙafarsa ba ta ɗaukarsa. Haka nan tayil mai sheƙi, wanda da zarar ya jiƙe sai ya zama kamar an shafa masa karkashi.

Gado ma yana da nasa awon. An shiga yayin katifu masu kauri, har gadon wasu otal ya yi tsayin da mai keke ba zai iya hawa da kansa ba. Gadon da samansa ya yi daidai da mazaunin keke, wato wajen rabin mita, shi ne ya fi sauƙi. Makunnin fitila da na fanka su kasance inda hannun wanda yake zaune zai kai, kada su wuce santimita 120 daga ƙasa.

Akwai wani abu da ba a cika tunawa da shi ba, wato zafi. Wanda lakarsa ta sami rauni, ƙila a haɗarin mota, yakan rasa jin zafi ko sanyi a sashen jikinsa da yake ƙasa da wurin raunin. Ruwa mai zafin digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi kaɗan, shi kuwa ba zai ji ba sai ya gani. Don haka ƙa'ida ta iyakance zafin ruwan wanka a digiri 49, kuma ta nemi a lulluɓe bututun ruwan zafi da yake ƙarƙashin wurin wanke hannu, inda gwiwar mai keke take shiga. Bugu da ƙari, irin wannan rauni yakan hana gumi fita a sashen da ya shanye, jiki ya kasa sanyaya kansa. Ga mai wannan lalura, ɗakin da ba iska a watan Afrilu idan wuta ta ɗauke yana iya zama haɗari ga rai. Ɗaukewar wutar ce kuma ta sa a ƙasarmu ɗakin naƙasasshe ya fi dacewa a ƙasa, ko da ginin yana da na'urar hawa bene. Idan gobara ta tashi ma, ba a shiga wannan na'ura.

Waɗanda lalurarsu ba ta ƙafa ba ce

Kurma ba ya jin ƙwanƙwasa ƙofa, ba ya kuma jin ƙararrawar gobara, don haka ake haɗa ƙararrawar da fitila mai walƙiya. Makaho da mai raunin gani suna amfana da lambar ɗaki mai tudu wadda ake shafawa, da rubutun makafi, da kuma bambancin launi tsakanin bango da ƙofa da bakin matakala. Daɓen nan mai ƙuraje da ake shimfiɗawa don sandar makaho da tafin ƙafarsa su gane hanya, wani Bajapane ne mai suna Seiichi Miyake ya ƙirƙiro shi, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967. Iyalin da suke da yaro mai lalurar galahanga ko wata lalurar ƙwaƙwalwa kuwa, abin da suka fi buƙata shi ne ɗaki nesa da ƙarar janareta da zauren biki, da ƙofar da yaro ba zai buɗe ya fice cikin dare ba.

Wani kamfanin otal na ƙasar Suwidin mai suna Scandic ya nuna yadda ƙananan abubuwa suke taruwa su yi yawa. A shekarar 2003 ya ɗora wa wani tsohon kukunsa, Magnus Berglund, wanda ciwo ya naƙasa, alhakin duba wannan fanni. Daga nan aka tsara jerin sharuɗɗa fiye da ɗari da otal-otal ɗin kamfanin suke bi. A cikinsu har da maƙalin sanda a teburin karɓar baƙi, da agogo mai girgiza wanda kurma zai sa ƙarƙashin matashi ya tashe shi idan ƙararrawar gobara ta buga. Wanda ya taɓa tsayawa da sanda yana neman cike takarda shi ne zai tuna da maƙalin sanda.

Har ila yau, ya kamata a tuna cewa iyali ne suka zo. Wasu otal sukan keɓe ɗaki guda ga naƙasasshe, mai ɗan ƙaramin gado ɗaya, can ƙarshen gini, kamar dai shi kaɗai yake yawo a duniya. Uwar da take juya ɗanta sau biyu ko uku cikin dare don kada gyambon kwanciya ya kama shi tana buƙatar gado na biyu a ɗakin, ko ƙofar da ta haɗa ɗakuna biyu. Ɗakin cin abinci da masallaci da wurin alwala da lambu su ma suna cikin lissafi, in ba haka ba sai a wayi gari kowa yana waje ana hira, shi yana ɗaki ana kai masa abinci a tire.

Abin da doka ta ce

Dokar Naƙasassun Amurka ta 1990, da ƙa'idojin da suka biyo bayanta, sun ƙayyade adadi: otal mai ɗaki 1 zuwa 25 ya tanadi aƙalla ɗaki ɗaya irin wannan, mai 26 zuwa 50 ya tanadi biyu, haka abin yake hawa. Tun daga 2012 kuma aka wajabta wa otal su bayyana yadda ɗakunan suke a lokacin da ake kama ɗaki, kuma su riƙe su kada su bayar ga wani sai sauran ɗakuna irinsu sun ƙare. A mataki na duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Naƙasassu a 2006, kuma sashe na 30 na yarjejeniyar ya ambaci hutu da shaƙatawa da yawon buɗe ido ƙarara a cikin haƙƙoƙinsu.

A Nijeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairu na 2019, aka kuma kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a suke shiga, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024. Mai karatu ya duba masaukan garinsu ya yi wa kansa hukunci.

Masu gini sukan kawo uzurin tsada. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya nuna cewa idan an shigar da waɗannan tanade-tanade tun a zane, ƙarin kuɗin bai wuce kimanin kashi 1 cikin ɗari na kuɗin ginin ba. Tsadar tana zuwa ne idan an gama gini aka dawo ana fasa bango. Tun ran gini, tun ran zane, in ji Hausawa. Wannan shi ne ra'ayin da Ronald Mace ya yi ta yaɗawa. Shi mai zanen gini ne Ba'amurke wanda shan-inna ta ɗora a kan keke tun yana ɗan shekara tara, kuma ya kafa cibiyar bincike a Jami'ar Jihar Karolaina ta Arewa a 1989. A ganinsa, a zana gini tun farko yadda kowa zai iya amfani da shi. Gangaren da aka yi don gurgu, mai juna biyu da tsohuwa mai ciwon gwiwa da yaron otal mai jan akwati duk ta nan za su bi.

Awon waje da keken gida

Sai dai akwai gyara a nan. Duk alƙaluman da aka kawo a sama an auna su ne a kan keken zaune irin na Turai da Amurka. Keken da ya fi yawa a titunan Kano da Zariya da Maraɗi shi ne mai ƙafa uku wanda ake tuƙawa da hannu, irin wanda maƙeranmu suke haɗawa da bututun ƙarfe da tayoyin keke. Ya fi na zaune tsawo, filin mita ɗaya da rabi ba zai ishe shi juyawa ba, kuma galibi a bakin ƙofa ake ajiye shi. Da yawa daga cikin waɗanda suka sha inna, idan sun shiga ɗaki da hannu suke tafiya a ƙasa. Ga irin wannan baƙo, masai mai tsayin santimita 48 hawa ne, famfo da sabulu da makunni kuma so yake su sauko ƙasa sosai, sannan tsabtar daɓe da bushewarsa su ne kan gaba. Yana kuma buƙatar rumfa a bakin ɗaki inda zai ajiye kekensa cikin aminci. Farfajiyar da aka zuba wa rairayi ko tsakuwa tana da kyau a ido, amma taya nutsewa take yi a ciki. Wannan aiki ne da yake jiran sassan nazarin zanen gini da na gashin ƙashi a jami'o'inmu: su yi irin abin da Nugent ya yi, su auna mutanenmu da kekunansu da yadda suke tsarki da alwala, su fitar da awon da ya dace da mu.

Kafin a kai ga haka, iyalin da suke shirin tafiya su yi hattara da alamar nan ta mutum a kan keke da ake mannawa a allon otal. Wata ɗaliba 'yar ƙasar Denmak, Susanne Koefoed, ita ta zana asalinta a 1968, kuma ta karaɗe duniya, amma alamar ba ta faɗin santimita nawa ne ƙofar banɗaki. Haka idan aka buga waya aka tambayi mai karɓar baƙi ko wurinsu ya dace da naƙasasshe, zai ce ya dace, da zuciya ɗaya kuwa, domin shi gangaren bakin ƙofa yake tunawa. Tambayar da take da amfani ita ce mai neman adadi. Matakala nawa ne daga inda mota take tsayawa zuwa ɗaki? Akwai tudu a bakin wurin wanka? Janareta yana kwana a kunne? Gani ya kori ji, don haka a roƙe shi ya ɗauki hoton banɗakin da wayarsa ya turo, ya kuma sa igiyar awo a ƙofar ya faɗi abin da ta nuna. Kafin nan sai a auna keken gida, daga bakin taya zuwa bakin taya, a ƙara santimita goma na hannuwa, a rubuta adadin a ajiye kusa da waya.